Baƙon Asuba na Zawaciki

"Baffa, ku yi haƙuri, amma ba zan faɗa ba. Ko sau goma kuka kira, amsar ɗaya ce."

Aina'u na tsaye a tsakar gida, waya a kunne, jakar asibiti a kafaɗa. Daga can Bompai muryar Baffa Ɗanjuma, ƙanen marigayi mahaifinta, tana fitowa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ya yi faɗa ya yi tari, ya huta, ya ɗora daga inda ya tsaya. Abin da yake son sani guda ne: wane ne dogon mutumin nan da ke tsayuwa a ƙofar gidan ɗan'uwansa kullum bayan sallar asuba, yau kwana arba'in, kuma me yake karɓa a hannunta?

"Ba saurayina ba ne, Baffa. Wallahi ba zance yake zuwa ba..."

Baffa ya jefo wata magana daga can.

"To ai ban ce ɗan iska ba ne kuma."

Baffa ya yanke hukunci. Ko mutumin ya turo magabatansa kafin Juma'a ta sama, ko a daina ganin ƙafarsa a layin. Ya kashe waya a tsakiyar tari.

Inna Zuwaira, mahaifiyarta, tana gefe tana tankaɗe. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Ni dai na yi zance a zamanina, na ga na wasu. Amma ban taɓa ganin wanda namiji zai zo ya wangale baki, mace ta leƙa, ya rufe ya yi gaba ba."

Aina'u ta haɗiye dariya da kuka lokaci guda, ta fice wurin aiki.

To ga yadda abin ya faro.

Aina'u malamar asibiti ce a wani ɗan ƙaramin asibitin sha-ka-tafi da ke Zawaciki. Ɗaki uku ne da baranda, da benci biyu, da sikeli ɗaya wanda ake auna jarirai da iyayensu da duk wanda ya tsaya kusa. Mai riƙe da wurin Sista Saratu ce, 'yar Kafanchan, wadda ta shekara ashirin a Kano har ta fi 'yan gari iya baƙar magana.

Wata Talata aka kawo wani lebura daga kamfanin jima fatu na Challawa, inji ya tsage masa tafin hannu. Wanda ya rako shi wani dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe, sunansa Sagir. Ana ɗinkin hannu a ciki, shi yana baranda ya juya baya yana tari a cikin hularsa.

Aina'u ta ji tarin. Ta ajiye almakashi ta leƙo.

Ta tambaye shi tun yaushe. Ya ce ƙurar fata ce kawai. Ta tambaye shi ko yana jiƙa riga da gumi in ya kwanta, ko wandonsa ya fara yi masa yawa. Ya dubi igiyar da ya ɗaure ƙugu da ita, ya ce wata uku ke nan, amma yana shan magani. Akwai Lawan mai kemis a bakin titi, yana ba shi na ruwa mai zaƙi, yana yi masa allura duk Laraba.

Ta ce ya zauna a gwada kakinsa, kyauta ne. Sai ya ja da baya.

"Malama, ni fa ɗan Nijar ne, daga Matamaye. Ba ni da katin nan ƙasar. Asibitin gwamnati ai na masu ƙasa ne."

"Da tarin zai shiga ƙirjinka, ya tambaye ka kati?"

"A'a."

"To mu ma ba ma tambaya. Zauna."

Ya zauna. In mace ta ce wa namiji zauna da irin wannan murya, ko sarkin yaƙi ne sai ya nemi benci.

Kwana biyu sakamako ya dawo, tarin tibi ne, wato tarin fuka. Sista Saratu ta yi masa bayani dalla-dalla. Ana warkewa sarai, magani kyauta, amma wata shida ne ba fashi, kuma a gaban idon wani ake haɗiya kullum kafin a karya. Wanda ya sha rabi ya bari, ciwon kan dawo da taurin kai, maganin ya daina jin sa. Ta sa aka gwada abokan ɗakinsa biyu, Allah ya tsare su. Ta kuma ce sati biyun farko ba shi ba shiga mutane.

Sati biyun nan ya ce wa kamfani gida ya tafi. Yana zuwa asibiti ƙarfe takwas, ya sha, ya koma ɗaki. Da suka cika sai matsala ta fito fili. Ana rufe ƙofar kamfani ƙarfe bakwai, asibiti kuwa sai takwas ake buɗewa. A bakin ƙofar kamfanin nan kullum akwai mutum hamsin a tsaye suna jiran wani ya makara su maye gurbinsa. In kuma helma, shugaban leburori, ya ji kalmar tibi, to ko sallama ba za a bari ya yi ba. Ba uwa ba ƙanwa a Kano da za ta tsaya a kansa, abokan ɗaki kuma aikin dare suke, sai rana ta fito suke dawowa.

Sai Aina'u ta ce ai gidansu a kan hanyarsa yake. Ya riƙa biyowa bayan asuba, ta ba shi, ya wuce.

Sista Saratu ta dube ta ta saman tabarau. Ta ce aikin ya halatta, amma ta sani bakin unguwa ba shi da marfi, kuma sirrin mara lafiya ko uwarka ba ka faɗa wa. Aina'u ta ce ta ji ta gani.

Haka aka fara.

Ana sallame salla zai iso gindin darbejiyar ƙofar gida, ya yi gyaran murya sau ɗaya. Ta fito cikin hijabi da ƙwaya uku jajaye a hannu da ledar ruwa. Ya watsa, ya kora, ya buɗe baki ta leƙa ta tabbatar bai ɓoye a ƙarƙashin harshe ba. Ta ɗiga biro a wani ɗan kati. Ya ce, "Na gode, Malama." Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Shi ke nan.

Sati na farko ke nan.

Sati na biyu ya ƙara da, "Kin tashi lafiya?"

Na uku ya zo da dabino guda bakwai a takarda, ya ce wani ya kawo daga gida, shi kuma an hana shi cin komai da sassafe, kada su lalace. Dabino dai ba ya lalacewa kafin hantsi, amma ta karɓa.

Ran da aka auna shi aka ga ya tashi daga kilo arba'in da tara ya kai hamsin da biyar, Aina'u ta yi ta murmushi har masu awon ciki suka tambaya ko an yi mata albishir ne. Washegari ta miƙa masa ƙwaya huɗu, ta ce nauyinsa ya ƙaru, magani ma ya ƙaru.

"Wato ladan ƙiba ke nan, a ƙara min ɗaci?"

"In ka ƙi sha na faɗa wa Sista."

"Ko guba ce, in daga wannan hannun ta fito..." Sai ya kama bakinsa, ya watsa ƙwayoyin, ya ƙware da ruwa. Ranar bai tsaya an leƙa bakin ba.

Duk wannan a idon matan layi ake yi, masu fitowa zubar da shara da masu kai niƙa. Su suka raɗa masa suna Baƙon Asuba. Wanda ya ɗauki maganar ya kai Bompai kuwa Lawan mai kemis ne. Dama shekara guda yana aiko wa Inna da man zafi da ba ta roƙa ba, yana cewa in Aina'u ta shigo gidansa sai ta riƙa zama a kemis, ga likita ga shago. Yanzu ga shi ya rasa mai shan allurar Laraba, yana kuma ganin zai rasa likitar.

To, a nan aka tsaya ranar da Baffa ya yanke hukunci.

Magana ba ta kwana a Zawaciki. Kafin la'asar ta isa kunnen Sagir cewa saboda shi ana jan sunan Malama a ƙasa.

Washegari Aina'u ta fito da ƙwaya huɗu. Darbejiya ce kaɗai a tsaye.

Ta jira har rana ta taɓa katanga. Ta kira wayarsa, a kashe.

Kwana na biyu haka. Na uku haka. Gurbi uku a kati ba ɗigon biro, ita kuma ta san abin da gurbin nan yake nufi fiye da kowa. Ta taɓa ganin wanda ya bari a wata na uku, ta ga yadda aka dawo da shi a kwance a bayan adaidaita.

Inna ta lura tuwo yana komawa kicin yadda ya fito. Ta ce, "Wanda ba saurayinki ba ne ya hana ki cin abinci haka? To Allah ya kiyaye mu ranar da saurayin zai zo."

Rana ta huɗu, ƙarfe shida, Aina'u ta tare adaidaita ta ce Challawa. Tun daga nesa warin jima ya tarbe ta. Ta sauka a ƙofar kamfani, tsakanin mai ƙosai da mai shayi, maza ɗari suna kallonta. Ta hango shi, ya fi kowa tsawo. Da ya gan ta sai ya tsaya kamar an dasa shi.

Ta ja shi gefe, bayan wata tifa.

"Buɗe hannunka."

"Malama, me ya kawo ki nan? Sunanki..."

"Sunana ka fi ji ko ranka?"

"Sunanki."

Ba ta shirya wa wannan amsar ba. Idonta ya kawo ruwa.

"To ni ranka na fi ji. Suna in ya ɓaci ana wanke shi, Sagir. Kai in ka tafi, wa zai wanko min kai?"

Wannan ne karon farko da ta kira sunansa ba daga kan kati ba. Ya karɓi ƙwayoyin, ya haɗiye, ya buɗe baki da kansa. Ta leƙa tana share hawaye da gefen hijabi.

Sai dai kwalin maganin ya leƙo daga jaka, kuma Lawan yana da ɗan'uwa mai sayar da katin waya a wurin. Kafin azahar Lawan ya san wane irin magani ne, ya san kuma tarin da ya yi wata uku yana shayar da shi ruwan zaƙi. Da wani ne, kunya zai ji. Shi kuwa sai ya nemi helma ya raɗa masa, ya kuma sake kiran Bompai.

Da yamma aka tsayar da Sagir a bakin ƙofa, aka ce kada ya sake dawowa. Ya nuna takardar gwajin wata biyu wadda ta ce ba ya yaɗa komai yanzu. Helma ya ce shi bai iya karatun likita ba, ya dai iya jin tari.

Daga nan bai wuce ɗaki ba. Ya zo ƙofar gidan su Aina'u tun kafin magariba, ido na ganin ido, ya yi sallama da Inna Zuwaira, ya durƙusa a soro. Ya faɗa mata komai da bakinsa, tun daga hula har ƙwaya huɗu. Ya ce 'yarta ta zaɓi a zage ta a kan ta tona shi, shi kuma ba zai iya barin ta da wannan kaya ba.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce a'a. Ta ce ai ga alama nan, mutum kamar sandar rake. Ta zubo masa dambu a kwanon da take ba baƙin kirki.

Baffa kuwa da ya ji, sai ya juya hukunci. Da cewa yake a turo magabata, yanzu ya ce ko sun zo ba zai buɗe musu ƙofa ba. Mai tari, baƙo, ga ba aiki. Ya ce ga Lawan nan, ɗan gari, mai shago.

Tunda aiki ya tafi, ba sauran dalilin zuwan asuba. Sagir ya koma layin asibiti ƙarfe takwas kamar kowa, Sista Saratu da kanta take ba shi. Magana ta mutu a unguwa, matan layi suka koma kan wata.

Amma kullum ana sallame asuba Aina'u sai ta tsinci kanta a soro, hijabi a jiki, ledar ruwa a hannu. Ta leƙa gindin darbejiya, ta dawo. Ran nan ta juyo ta ga Inna a bayanta da buta.

"Wa za ki ba ruwan? Bishiyar?"

Ta faɗa jikin Inna ta yi kukan da ta daɗe tana ajiyewa. Inna tana bubbuga bayanta tana cewa ai dama ita tun ranar dabino ta gane, dabino bakwai ba na asibiti ba ne.

Korar nan kuma ta haifi abin da Lawan bai lissafa ba. Sagir ya san duk wanda ke tari a ɓoye a kamfanin, tunda tare suke ɓoyewa. Ya bi su ɗaki-ɗaki. Na Jigawa, na Filato, 'yan ƙasarsu na Nijar masu cewa ba su da kati, ya maimaita musu maganar da aka faɗa masa a baranda. A wata guda ya kawo mutum goma sha ɗaya, aka samu huɗu da ciwon. Sista Saratu ta ɗauki sunayen ta yi ta sintiri a ofis har aka yarda a riƙa buɗe taga ɗaya ƙarfe shida saboda masu aikin safe. Ta ce ba za ta sake bari sai 'yar mutane ta zubar da sunanta kafin lebura ya sha magani ba.

Allurar Laraba ta yi kwantai a kemis.

Wata shida suka cika. Gwajin ƙarshe ya fito fes. Sikeli ya ce sittin da uku, igiyar ƙugu ta tafi, wuyan zalɓe ya cike. Ya samu aiki a wani kamfanin robobi a Sharaɗa, Sista ta ba shi takardar shaidar warkewa ya kai da hannunsa.

Ranar da ya haɗiye ƙwayar ƙarshe, ya roƙi Sista alfarma a bar Malama ta ba shi. Ya sha, ya buɗe baki, ta leƙa, ta ɗiga biro a gurbin ƙarshe. Bai tashi daga bencin ba.

"An sallame ka," in ji ta, tana kallon kati.

"Yanzu ni ba mara lafiyarki ba ne?"

"A'a."

"Alhamdu lillahi. Wata shida ina riƙe da wata magana a ƙarƙashin harshe, kullum kina leƙawa ba ki gan ta ba."

"Na gan ta," ta ce a hankali. "Ba a ba ni izinin cirowa ba ne."

"Hasken asubata... in turo?"

Sista Saratu daga ɗaya ɗakin ta ɗaga murya ta ce ya turo mana, ya tashi kuma ya ba masu awo benci.

Kawunnansa biyu suka taso daga Matamaye da goro da dabino. Suka je Bompai, aka bar su a waje. Da yamma Baffa ya kira Aina'u, tana tsakar gidan nan dai, Inna na gefe da rariyarta. Ya ce shi ba ya ba da 'ya ga wanda ba a bincika ba. Wa ya san asalinsa, wa ya san halinsa, wa ya san abin da ke cikin jikinsa? Ya yi ta yi, tari na katse shi, yana komawa.

An dai ɗaura auren bayan ƙaramar salla, kuma Baffan ne ya yi walicci, ya rame kaɗan amma yana samun sauƙi. Masu cewa Inna ce ta shawo kansa ba su san zancen ba. Inna ba ta sa baki ba ranar da ya kira ɗin nan. Aina'u ce ta bari ya gama tarinsa tsaf, sannan ta gyara riƙon waya, ta sassauta murya yadda take yi wa masu tsoron allura.

"Baffa, in bincike ne, a duk danginmu ba macen da ta binciki miji kamar ni. Na auna shi a sikeli sau shida, na kai kakinsa gwaji, na leƙa har maƙogwaronsa. Na san abin da ke ƙirjinsa. Tarin ya fita, ni ce a ciki. Wanda ba a bincika ba shi ne tarin nan naku, wata biyar ke nan ina jin sa ta waya. Gobe ƙarfe shida muna buɗe taga, ba a tambayar kati, ba a faɗa wa kowa. In kuna jin nauyin zuwa ku kaɗai, Sagir ya san hanya, zai zo ya ɗauko ku."